Manhajar kyauta mai cewa a biya: ina iyakar talla, ina farkon yaudara?

Mai Turaren Wuta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Raina a ɓace na tashi yau, shi ya sa na kawo kuka nan. Kwana uku da suka wuce na zauna bayan isha'i ina haɗa bidiyon tallar sabon turare da humra, saboda salla ta matso. Na yanke, na jera hotuna, na sa rubutu, na daidaita murya, har kusan ƙarfe ɗaya na dare. Da na zo fitar da bidiyon in ajiye a waya, sai manhajar ta ce kayan adon da na sa na masu biya ne, ko in biya ko in cire su duka. A ƙasa aka rubuta gwajin kwana 3 kyauta. Na gaji, barci nake ji, na sa katina na danna. Yau da asuba sai ga alat, an cire mini naira 48,000, kuɗin shekara guda. Wannan ribar sati biyu ce a wurina. Manhajar ma na goge ta tun shekaranjiya. Don Allah wannan kasuwanci ne ko ƙwace?

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Kafin a shiga muhawara, ki yi abu biyu yanzu. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi, domin yarjejeniyar tana can a asusunki na Google. Ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki da ke sama, ki shiga sashen biyan kuɗi da sabskirifshin, ki soke ta, in ba haka ba baɗi war haka za su sake cira. Na biyu, Google na karɓar buƙatar mayar da kuɗi cikin awa 48 da ciniki. Bayan haka sai dai ki bi ta kan masu manhajar. Kada ki bari ya kwana.

Mai Turaren Wuta: Na gode Yaya, bari in gwada yanzu.

Ɗalibar Jami'a: Anti, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in ƙara miki ɓacin rai ba. Yawancin manhajojin haɗa bidiyo suna sa wata 'yar alama, kambi ko lu'ulu'u, a kan duk abin da yake na biya. Kuma a shafin gwaji ana rubuta nawa za a cira in kwanakin sun cika. Mu ne ba ma karantawa. Muna ganin babban maɓalli sai mu danna. In muka ɗora laifin duka a kansu, gobe ma haka za ta sake faruwa da mu.

Mai Turaren Wuta: Ƙanwata, na ga alamar bayan abin ya faru. Ba ta kai ƙwayar gero ba. Kalmar kyauta kuwa an rubuta ta ƙatuwa da kore, kuɗin shekarar an sa shi can ƙasa da toka-toka, da Turanci, sai ka kawo wayar kusa da ido. Wanda ya tsara shafin nan ya san abin da yake so in gani, ya san abin da yake so ya wuce ni. Kuma me ya hana su tsayar da ni tun lokacin da na ɗauki adon farko? Sai da suka bari na zuba awa huɗu a ciki.

Mai Haɗa Manhaja: Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan, don haka ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren, ba don in kare wanda ya cuci Hajiya ba.

Babu manhajar da ake yi kyauta. Kafin ka sa abu a Play Store sai ka biya Google dala 25, sau ɗaya. Apple kuwa dala 99 yake karɓa duk shekara. Duk abin da mutum ya saya a cikin manhajarka suna da kasonsu. Asali kashi 30 cikin ɗari ne, daga 2021 suka rage zuwa kashi 15 ga ƙananan masu haɗawa da cinikinsu bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. Sannan ga kuɗin sabar da ake ajiye bayanan mutane, ita ma da dala ake biya duk wata, ko an saya ko ba a saya ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, abin da nake biyan saba ya ninka fiye da sau biyu alhali ban ƙara komai ba.

To ta ina kuɗi zai fito? Ko talla, ko a biya ka kai tsaye. Talla kuma a nan ƙasar ba ta kawo abin kirki, domin masu talla sun fi biyan kuɗi mai tsoka kan idon mutumin Amurka ko Ingila. Cikin mutum ɗari da suka sauke manhaja, 'yan ƙalilan ne za su taɓa biya, su ne suke ɗauke da nauyin sauran. In ban tuna wa mutane cewa akwai na biya ba, wata shida ba zan kai ba zan rufe.

Malamin Islamiyya: Ɗana, babu wanda ya ce neman haƙƙin guminka laifi ne. Allah ya halatta ciniki. Amma ya gindaya sharaɗi a Suratun Nisa'i, cewa cinikin ya kasance da yardar juna. Sai mu tambaya, wadda ta danna da ƙarfe ɗaya na dare tana zaton kwana 3 za ta gwada, shin ta yarda da sayen shekara guda? Yatsanta ya danna, amma zuciyarta ba ta ƙulla wannan cinikin ba.

Ku tuna abin da ya zo a hadisi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya sa hannu cikin tarin sai ya ji danshi a ciki. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tambaye shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani. Ku lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba. Ɓoye shi a ƙasa ne laifin. Farashin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin ƙatuwar kalmar kyauta, ni ban ga bambancinsa da wannan ba.

Mai Haɗa Manhaja: Malam, na karɓi wannan. Amma ina neman ƙarin haske. Mai kilishi yana ba da ɗanɗane don a saya. Ai gwajin kwana 3 ɗanɗane ne.

Malamin Islamiyya: Mai kilishi in ka ɗanɗana ka wuce, ba ya biyo ka gida bayan kwana uku ya ce tunda ba ka dawo ka ce ba ka so ba, ka sayi tire guda. Shirunka ba ya zama ciniki a wurinsa. Kuma abin da aka yi wa Hajiya da bidiyonta ya fi kama da mai injin niƙa da ya ce yau niƙa kyauta ne, bayan ya niƙa sai ya riƙe garin ya ce a biya kuɗin rariya.

Tsohon Ma'aikaci: Ni dai na tsufa da waɗannan abubuwa, amma ina tuna lokacin da WhatsApp yake cewa shekarar farko kyauta, bayan nan kusan dala ɗaya duk shekara. Magana ɗaya, kowa ya ji. Daga baya Facebook ya saye shi a 2014, a farkon 2016 aka cire kuɗin gaba ɗaya. Ban ji wanda ya kira wancan tsarin yaudara ba, domin tun daga bakin ƙofa aka faɗa maka.

Abin da yake ci mini rai yanzu manhajar lokutan salla ce da jikana ya sa mini. Ba zan kama suna ba. Ina buɗewa in duba lokacin la'asar, sai tallar caca ta rufe fuskar wayar, wani lokaci da hotunan da ba zan so jikokina su gani ba. In na rufe sai a ce in biya a cire talla. Ga alamar rufewar sai ta ɗauki daƙiƙa biyar kafin ta fito, ta fito kuma ƙarama, in yatsana ya kauce sai in tsinci kaina a shafin biya. Wannan ai matsa wa mutum ne har sai ya gaji ya biya.

Ɗalibar Jami'a: Baba, wannan kam da gangan ake yi, kuma sananne ne a fannin. Wani Bature ɗan Ingila mai nazarin tsarin shafuka, Harry Brignull, tun 2010 ya fara tattara irin waɗannan dabaru yana fallasa su: ɓoye maɓallin ƙi, agogon ƙarya mai cewa rangwame zai ƙare nan da minti goma, sa shiga ya zama taɓawa ɗaya fita kuma ta zama tafiya mai nisa. A Amurka hukumar kare masu saye ta FTC tana cin tara a kai. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 na mayar wa mutanen da tsarin maɓallansa ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Tun 2014 ma Apple ya amince ya mayar da aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma miliyan 19, saboda sayayyar da yara suka yi a cikin wasanni ba da sanin iyayensu ba.

Don haka Anti, na janye rabin maganata. Har yanzu ina ganin ya kamata mu riƙa karantawa. Amma shafin da aka gina don kada a karanta shi, laifin mai gininsa ya fi yawa.

Mai Gyaran Waya: Maganar yara da kika kawo, sati ba ya wucewa ban ga irinta a shago ba. Uwa ta ba yaro waya ya yi wasa, wasan ya ce ransa ya ƙare, ya jira minti talatin ko ya sayi zinare. Yaro ɗan shekara shida me ya sani? Katin uwarsa na maƙale a asusun. A saitin Play Store akwai inda za ka ce kada a sayi komai sai an sa kalmar sirri ko zanen yatsa. Duk mai yara ya kunna shi yau.

Wani abin lura kuma, a 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. A lokacin mutane da dama sun tsira ba su sani ba, manhaja ta zo cira sai katin ya ƙi. Da wasu bankuna suka sake buɗewa a 2025, sai irin kukan Hajiya ya dawo shagona.

Tela daga Maraɗi: Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu nan yawancin masu waya ba su da katin banki kwata-kwata. Ko mutum yana so ya biya, ba hanya. Amma manhajar ba ta san haka ba, kullum sai ta tambaya, safe da yamma. Ina amfani da wata don nuna wa mata samfurin ɗinki, kafin in buɗe hoto uku sai tallar bidiyo ta cinye mini megas ɗin da na saya da sefa ɗina. Wato ina biya, sai dai ba su nake biya ba, kamfanin layi nake biya don in kalli tallarsu. Da za su karɓi kuɗi ta waya kamar yadda muke tura wa juna, wallahi da na biya na huta.

Wani Matashi: Ni ban ga abin wahala ba. Duk waɗannan manhajoji akwai fasassunsu a intanet, an buɗe komai, ba tambari a kan bidiyo, ba talla. Duk mai so ya yi mini magana in tura masa.

Mai Gyaran Waya: Ƙanena, don Allah kada ka tura wa kowa a gidan nan. Wanda ya zauna ya fasa manhaja ya raba ta kyauta, ka tambayi kanka me yake samu. Wayoyin da ake kawo mini suna zafi, batir na zuba, talla na fitowa ko ba a buɗe komai ba, da yawansu in na bincika irin wannan ce a ciki. Kuma a wayar nan ɗaya manhajar bankinka take, nan saƙon lambar sirri yake shigowa. Ka ga yadda WhatsApp yake rufe layin masu amfani da GB WhatsApp, wato kwafin WhatsApp da ba na kamfanin ba. Ka guje wa dubu biyar ka buɗe wa ɓarawo ƙofar asusunka.

Malamin Islamiyya: Ban da haɗarin ma, haƙƙin mutane ne. Wanda ya ɓoye farashi ya yi laifi, wanda ya ci gumin wani ba izini shi ma ya yi. Ɗaya ba ya wanke ɗaya.

Mai Haɗa Manhaja: Akwai abin da nake so a sani game da manhajar da ba ta taɓa neman ko sisi. A Nuwambar 2020 jaridar Vice ta ruwaito cewa bayanan wurin da masu amfani da Muslim Pro, wata manhajar lokutan salla, suke suna zuwa hannun wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda yake sayarwa ga 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, in ba a karɓi kuɗinka a fili ba, wani lokaci da bayananka ake biyan kuɗin saba. Shi ya sa ni na fi son in fito in ce ga farashina.

Tunda an zo nan, bari in nemi shawararku. Ina haɗa manhajar rubuta bashi da ciniki don masu shago, da Hausa. Tsarin da na yi shi ne kyauta har kwastoma 30, daga nan sai a biya. A kwas ɗin da na yi an koya mana a nuna shafin biya duk lokacin da aka buɗe manhaja, wai haka ake samun masu saye. Haka na gina ta. Maganganunku sun sa na fara shakka.

Mai Turaren Wuta: Ɗan'uwa, tunda ka tambaya zan faɗa maka tsakani da Allah. In kwastoma tana tsaye a gabana ina so in duba nawa ake bin ta, sai shafin biya ya tare ni, ranar zan goge manhajarka. Ka faɗa mini ranar farko cewa 30 ne iyaka. In na kai 25 ka tuna mini sau ɗaya. In na ce ba yanzu ba, ka ji, ka bar ni sati biyu ko wata. Kuma abin da ya fi komai, ko ban biya ba kada ka kulle mini abin da na riga na rubuta. Bashin da nake bin mutane dukiyata ce. Ka hana ni ƙara sabo in ka ga dama, amma tsohon ka bar ni in gani, in kuma iya kwashe shi.

Tsohon Ma'aikaci: Ka rubuta farashin da naira, da manyan lambobi. Maɓallin a'a ya yi girman maɓallin e. Tsofaffi ma muna da shaguna.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, ni ina da ja a kan iyakar 30 ɗin. Mai ƙaramin tebur a ƙofar gida yana iya samun masu bashi 40, cinikinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Mai babban shago a Kwari yana iya samun 20 kacal amma na miliyoyi. Me zai hana rubutun bashi ya zama kyauta ba iyaka, ka sa kuɗi a kan abin da babban ɗan kasuwa yake buƙata, kamar haɗa yaran shago uku a asusu ɗaya, ko tura wa masu bashi tunatarwa, ko lissafin ƙarshen wata?

Mai Haɗa Manhaja: Wannan ta fi tawa adalci, amma tana da tsada a kaina. Duk wanda ya rubuta kwastoma 200 kyauta, ni nake biyan wurin ajiyarsu. Sai dai in bar bayanan na kyauta a cikin wayar mutum, ajiya a saba ta zama ta masu biya. Matsalar ita ce ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, littafin bashinsa ya tafi, kuma ni zai zaga.

Mai Gyaran Waya: To ka ba shi hanyar fitar da littafin ya tura wa kansa ta WhatsApp ko ya sa a memori, kyauta. Mai son a riƙa ajiye masa kullum ba tare da ya tuna ba, shi ya biya. Mutane sun saba da irin wannan, Google ma gigabait 15 yake bayarwa kyauta, mai son ƙari ya saya.

Tela daga Maraɗi: Batun cirar kuɗi da kanta fa? Shi ne abin da ya fi ba mutane tsoro.

Mai Haɗa Manhaja: Akwai mafita. Tun 2022 Google Play ya ba masu haɗa manhaja damar sayar da wa'adi da ake biya tun farko, wata ɗaya ko uku, in ya ƙare ya tsaya sai mutum ya sake saya da hannunsa, kamar yadda muke sayen data. Kuma ina iya sa farashi daban ga kowace ƙasa. Na san zan rasa kuɗin waɗanda da mantuwa za ta sa su ci gaba da biya. Lissafina na wata zai ragu, sai na sake zama da abokin aikina mu ga ko za mu iya ɗauka. Batun masu biya ta waya a Nijar kuma sai na duba abin da ƙa'idar Play Store ta yarda da shi, domin suna da tsauri kan karɓar kuɗi ta wata hanya a cikin manhaja.

Malamin Islamiyya: Allah ya sa albarka a abin da ya rage, ɗana.

Mai Turaren Wuta: Jama'a na dawo. Na soke, na kuma cike takardar neman mayar da kuɗi, sun ce za su turo amsa ta imel. Yaya, da na shiga sashen da ka ce sai na tarar da wata rajistar daban, ta manhajar gyaran hoto, tana cirar naira 2,300 duk wata tun bayan azumi. Ina ganin alat ɗin ina zaton cajin banki ne. Ita ma na soke ta.

Mai Gyaran Waya: Madalla. Ki ɗauki hoton shafin da ya nuna an soke, ki ajiye. In kwana huɗu suka wuce ba amsa, ki faɗa mini in nuna miki inda adireshin masu manhajar yake a Play Store, mu rubuta musu tare. Masu iPhone kuma, naku yana cikin saitin waya, ku taɓa sunanku da ke can sama za ku gani.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana mai manhaja, in ka gama gyaran ka turo mini in gwada a shagon ɗiyata. Ina so in ga girman rubutun da idona kafin ka sake ta.